Tsadar Rayuwa da Bashin Ruwa a Kwatano: Ina Mafita ga Mai Iyali?



Kwanakin baya wani bawan Allah ya tsaya bayan sallar Isha'i a masallacinmu na Avotrou, ya jira har kowa ya watse, sannan ya matso ya ce: "Malam, ina da magana, amma kunya ta hana ni." Na ce masa: "Zauna ɗana, faɗi abin da ke tafe da kai." Ashe matarsa ce ta haihu ta hanyar tiyata, aka nemi kuɗin magani cikin dare, ya zagaya wajen 'yan'uwa bai samu ba, sai ya je wajen wani mai ba da bashi ya karɓi sefa 100,000, a kan duk wata zai kai 20,000 kuɗin ruwa har ranar da zai iya mayar da uwar kuɗin a dunƙule. Lokacin da ya zo wurina wata takwas ke nan yana biya. Ya kai 160,000, kuma har yanzu ana bin sa 100,000 cif. Na ce: "Ba ka san wannan riba ce ba?" Ya ce: "Na sani, Malam. Amma a daren nan ƙofarsa kaɗai na tarar a buɗe."

Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Mu malamai mun daɗe muna faɗin haramcin riba a kan mumbari, kuma gaskiya muke faɗa. Sai dai mafi yawan masu faɗawa cikinta a unguwanninmu ba jahiltar hukuncin suka yi ba. Larura ce ta kora su, kuma ba su tarar da ƙofar halal a buɗe ba. Saboda haka ya kamata mu duba yadda aka yi muka iso nan, da abin da dokar ƙasa ta tanada, da abin da ya rage a wuyanmu.

Yadda aljihu ya ƙone

Mutanen Zango a Kwatano rayuwarsu a kan hanya take: hanyar Legas ta Seme, da hanyar arewa da ta bi ta Parakou zuwa Malanville ta tsallaka Gaya. Direba, da dillali, da ɗan canji, da mai albasa, da mahauci, da ɗan dako a Dantokpa, duk da waɗannan hanyoyi biyu suke ci. To duka biyun sun sami matsala a 'yan shekarun nan.

Tun farkon 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, kasuwar motocin hannu da ke kan hanyar Seme ta ja baya. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Ba a gama farfaɗowa ba, sai ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Kowa ya san man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, wanda muke kira kpayo, daga Najeriya yake zuwa. Cikin 'yan kwanaki kuɗinsa ya kusa ninkawa, kuɗin zemijan ya tashi, kuɗin dakon kaya ya bi shi. Darajar naira kuma ta faɗi, masu zuwa sari daga Legas suka ragu a Dantokpa da Missèbo, domin kuɗinsu ba ya sayen abin da yake saye a da.

Bayan wata biyu, ranar 26 ga Yulin 2023, aka yi juyin mulki a Nijar, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Malanville. Manyan motoci suka yi layi wata da watanni, kaya suka lalace. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Wanda duk ke da ɗan'uwa direba ko mai fiton kaya daga tashar jirgin ruwa ya san abin da wannan ya yi wa gidaje.

Gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 40,000 zuwa 52,000 tun daga Janairun 2023. Abu ne mai kyau, amma ya shafi mai albashi ne, alhali yawancin mutanenmu da cinikin yau suke cin abincin yau. Ko masu albashin ma ba su gamsu ba, don a watan Afrilun 2024 ƙungiyoyin ƙwadago sun kira zanga-zangar tsadar rayuwa a Kwatano, 'yan sanda suka tarwatsa ta. Idan shiga ta ragu, fita ta ƙaru, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga ruwan damina da ke shiga ɗakuna a gefen tafkin Nokoué ya bar zazzaɓi, to ragowar da bashi ake cike ta.

Fuskokin bashin ruwa a cikinmu

Fuska ta farko ita ce wadda na ambata: mai kuɗi a unguwa, ba takarda, ba shaida, sai dai ya riƙe katin ɗan ƙasa ko takardar babur ko ta fili. Kashi 20 cikin 100 a wata, idan aka lissafa shekara, kashi 240 ke nan.

Ta biyu ita ce ta biyan kullum, wadda ta fi kama mata masu ƙananan sana'o'i. A ba mace 50,000, ta riƙa zuba 1,000 kullum har kwana 60. A idonta jaka guda a rana ba wani abu ba ne. Amma ta biya 60,000, wato ƙarin kashi 20 cikin wata biyu, kashi 120 a shekara. A haƙiƙa ma ya fi haka, domin tun ranar farko take mayar da kuɗin, ba ta riƙe 50,000 ɗin wata biyu cur ba. Ranar da ciniki bai yi ba, sai ta ci wani bashin ta toshe wannan.

Ta uku ta fi ɓuya, kuma mu Musulmi muka fi yin ta, saboda an sa mata rigar ciniki. Mutum na neman tsabar kuɗi, sai ɗan kasuwa ya sayar masa da buhun shinkafa bashi a kan 30,000 zuwa wata biyu, nan take kuma ya saye buhun daga hannunsa a kan 22,000 kuɗi hannu. Buhun bai motsa daga shago ba. Abin da ya faru shi ne an ba da 22,000 za a karɓi 30,000. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan irin wannan a babin cinikayyar ajali, suka hana shi don toshe kafar riba. A lura, sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na kuɗi hannu ya halatta a wajen mafi yawan malamai, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun wajen ƙulla ciniki, kuma ba za a ƙara komai ba idan mai saye ya makara. Haka nan wanda ya ba da rance ya riƙe babur jingina, sannan ya riƙa aiki da shi yana cin kuɗinsa, shi ma ya ci amfanin rance, kuma bai halatta ba.

Ta huɗu ita ce ta wayar salula. Matasanmu da ke kai da kawowa tsakanin nan da Najeriya sun san manhajojin ba da bashi: a cikin minti kaɗan kuɗi ya shigo, amma mai manhajar ya riga ya kwashe lambobin da ke cikin wayar. Idan aka makara, sai a aika wa iyaye da surukai da abokan aiki saƙo cewa wane ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma wajabta musu rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan masu amfani da su. Duk da haka wasu na yawo ta saƙonnin WhatsApp. Kada ɗalibi ya ɗauka tun da ba ya ganin fuskar mai bashin to abin wasa ne.

Darasin ICC da adogbè

Matsi yana tura mutum wajen mai ba da bashi, yana kuma tura shi wajen mai alkawarin arzikin dare ɗaya. Duk wanda ya kai shekara talatin a ƙasar nan yana tune da ICC-Services. Kamfani ne da ya riƙa karɓar ajiyar mutane yana alkawarin ribar da ta kai ninki biyu na kuɗin a shekara, alhali da kuɗin sababbin shiga yake biyan tsofaffi. A 2010, zamanin Shugaba Boni Yayi, ya rushe. An ƙiyasta mutum wajen 150,000 abin ya shafa, kuɗin kuma ya haura sefa miliyar 150, wato miliyan dubu 150. An sauke ministan cikin gida a kan maganar. Sai a Disambar 2018 kotun CRIET ta zauna a kanta a Porto-Novo, aka riƙa sauraro a rediyo, a Fabrairun 2019 aka yanke wa manyan shugabanninsa, har da Guy Akplogan, ɗaurin shekara 10. Mafi yawan masu ajiya ba su ga kuɗinsu ba.

Abin lura gare mu shi ne, da yawa sun saki jiki ne saboda sun ga shugabannin kamfanin mutanen addini ne masu kyauta ga wuraren ibada, kuma suna zama da manya. Ba na faɗin haka don nuna maƙwabtanmu da yatsa. Mu ma akwai masu zuwa mana da gemu da carbi, suna cewa jari ne na halal, riba tabbatacciya duk wata. A Musulunci babu jarin da ake lamunce ribarsa tun kafin a yi ciniki. Wanda ya zuba kuɗi a kasuwanci, riba da asara duka nasa ne. Duk wanda ya ce maka babu asara, to ko dai riba ce ya sake mata suna, ko kuma damfara ce. A Najeriya an ga haka da MMM a ƙarshen 2016, an sake gani da CBEX a watan Afrilun 2025.

Sai kuma adogbè, ajiyar da mata ke zubawa tsawon shekara don su kwasa a Disamba. Sau da yawa idan lokacin rabo ya matso sai mai tarawa ya yi ɓatan dabo. A watan Maris na 2022 ministan kuɗi da na cikin gida suka fitar da doka ta haɗin gwiwa da ta hana wannan sana'a ga duk wanda ba shi da izinin hukuma.

Abin da doka ta ce, da inda ta tsaya

Mutane da yawa ba su san cewa bashin ruwa mai tsanani laifi ne a dokar ƙasa ba. Ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta yammacin Afirka, ƙarƙashin babban bankin BCEAO, suna da iyakar da ba a yarda mai ba da bashi ya wuce ba. Ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2014 ta sa kashi 15 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin rance da sauran masu ba da bashi. Wanda ya karɓi kashi 240 daga mutumin nan namu ya ninka wannan iyaka sau goma. Doka ta wajabta wa duk mai karɓar ajiyar jama'a ko ba su rance a matsayin sana'a ya sami izini, kuma akwai hukumar ANSSFD mai sa ido a kan haka. Kafin ka miƙa wa wata cibiya kuɗinka, haƙƙinka ne ka nemi ganin takardar izininta.

Gwamnati ma ta gwada buɗe ƙofa ga talaka. A 2007 aka fara ƙaramin rance na sefa 30,000 ga marasa ƙarfi, a Oktoban 2020 kuma aka kawo Alafia, wanda ake karɓa ta wayar salula. Ruwan da ke kansa kaɗan ne idan aka kwatanta da na 'yan unguwa.

To amma a nan akwai abu biyu. Na farko, doka ta iyakance ruwa ne, shari'a kuwa ta hana shi, kaɗan ne ko mai yawa. Na biyu, doka ba ta aiki sai an kai ƙara, wanda ake bi bashi kuwa ba ya kai ƙara. Yana jin kunya, yana jin tsoro, sannan ya san gobe ma zai iya buƙatar wannan mutumin. Kama mai ba da bashi ɗaya ba ya kawar da larurar da ta kai mutane wurinsa. Muddin larurar na nan, wani zai maye gurbinsa.

Abin da shari'a ta haɗa da hani

Mai karanta ƙarshen Suratul Baƙara zai ga ayoyin riba ba su zo su kaɗai ba. Kafin su an yi dogon kira zuwa ga ciyarwa. A cikinsu an bayyana cewa mai tuba uwar kuɗinsa kawai yake da ita. Aya ta 280 ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ta kuma nuna yafewa ta fi. Nan da nan sai aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta koyar da rubuta bashi da kafa shaidu. A Suratut Tauba aya ta 60 kuma an sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas masu cin zakka. Wato an rufe ƙofa ɗaya, an buɗe huɗu: sadaka, da rance mai kyau, da jinkirtawa, da zakka.

Mu kuwa mun riƙe hanin, mun saki sauran. Attajiranmu sun daina ba da rance, kuma idan ka tambaye su za su ce sun gaji da a ci musu kuɗi. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya alhali yana da hali, ba mai kuɗin kaɗai ya zalunta ba, ya rufe ƙofa ga duk mabuƙacin da zai zo bayansa. Hadisi ya tabbata cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kuma shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi. Cin bashi a kan kansa ba aibi ba ne, domin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu sulkensa na jingine wajen wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Ya ci bashi don abinci, ya kuma ba da jingina. Mu kuma muna jin kunyar rubutawa, sai mu ce ai tsakaninmu akwai amana, daga baya zumunci ya lalace.

Me za mu iya yi?

Na farko, kowane masallacin Juma'a ya kafa asusun rance marar ruwa. Lissafin ba shi da wuya. Idan mutum 200 suka ɗauki alkawarin sefa 500 duk Juma'a, 100,000 ke nan a mako, 5,200,000 a shekara. Wannan ya isa a ba gida 104 rancen 50,000, tun ba a lissafa abin da ake mayarwa a sake bayarwa ba. Ba mafarki ba ne. A birnin Lahore na Pakistan, Dakta Amjad Saqib ya fara ƙungiyar Akhuwat a 2001 da rancen rufi 10,000 ga wata bazawara, ana raba rancen a masallatai ba ruwa, yau tana cikin mafi girman masu irin wannan aiki a duniya.

Na biyu, asusun ya tsaya a kan ƙa'ida. A rubuta kowane rance, da shaidu biyu da mai lamuni. Kada kuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya, ko da liman ne. A karanta lissafi a gaban jama'a duk wata uku, ba tare da ambaton sunan masu karɓa ba. A sa mata cikin kwamitin, domin su suka fi sanin wadda biyan kullum ya shaƙe. Kuma tun kafin a karɓi ko dala, a nemi shawarar masana doka da hukumar da abin ya shafa, kada a yi niyyar alheri a faɗa cikin abin da dokar 2022 ta hana.

Na uku, a raba kuɗin zakka da na rance. Zakka mallakawa ake yi, ba a bin ta bashi. Masu fitar da zakka su ware kaso don fansar waɗanda bashi ya danne a kan magani, ko abinci, ko haya, maimakon a rarraba ta jaka-jaka a ƙofar gida ba ta fitar da kowa daga ƙunci ba.

Na huɗu, wanda ya riga ya faɗa kada ya ɓoye. Ya tuba, ya sami limami ko sarkin Zango ko wani dattijo, a zauna da mai kuɗin a lissafa abin da aka riga aka biya. Uwar kuɗi wajibi ce a mayar, ƙari kuwa ba haƙƙinsa ba ne a shari'a, abin da ya wuce iyaka kuma laifi ne a doka. Haka muka yi wa bawan Allahn da na ambata. Da dattawa uku suka zauna da mai kuɗin, suka nuna masa ya riga ya karɓi 160,000, ya mayar da takardar babur ɗin. Shi ma mai ba da bashin ɗan'uwa ne da ke buƙatar nasiha, kuma ƙofar tuba a buɗe take gare shi.

Na biyar, mu rage wa kanmu kaya. Ba duk bashi ne na asibiti ba. Akwai na anko, da lefen gasa, da sunan da ake yanka abin da ba a da shi, da taron sadakar mamaci da ake ciyar da masu ƙoshi a bar marayu da bashi. Layya ma a mazhabarmu sunna ce a kan wanda kuɗin ragon ba zai takura shi ba. Babu lada a cikin ragon da aka saya da bashin ruwa don kada maƙwabta su yi magana.

Ku kuma ɗalibai, ku kuka iya lissafi da Faransanci. Idan uwa ko ƙanwar uwa za ta sa hannu a takarda, ku karanta mata, ku lissafa mata abin da za ta biya gaba ɗaya, ba na rana ɗaya ba. Wannan ma yi wa iyaye biyayya ne.

Farashin mai da buɗe iyaka ba a hannunmu suke ba, sai dai mu yi addu'a, mu kuma yi kira ga shugabannin Benin da Nijar su dubi talakawan da ke tsakani. Amma asusun masallaci, da rubuta bashi, da inda zakkarmu ke zuwa, waɗannan a hannunmu suke, kuma za a tambaye mu a kansu. Ina roƙon limamai da kwamitocin masallatan Avotrou da Zongo da sauran unguwannin Kwatano su sa wannan magana a zamansu na gaba.

Allah Ya yaye wa masu ƙunci, Ya biya wa masu bashi, Ya wadatar da mu da halal ɗinsa. Allah ne Mafi sani.